Harshen Fitila

Ni ne Barau na Kakuri, mai rubuta allon shaguna,
"Ana ɗinki", "Ana aski", da su nake cin tuwona.
Wata Laraba da hantsi aka zo da mota nemana,
wai an buɗe tashar talabijin mai koyar da yara,
suna son tambari kafin Juma'a, nan cikin Kaduna.

Na samo kwalin sabulu, na shafe shi da fari,
na zana fitilar ƙwai, harshenta ya ɗan karkace,
don hannuna ya yi rawa, ban karya kumallo ba.
Manaja ya ce a gyara. Ladidi mai gabatarwa ta ce,
"Ranka ya daɗe, haka wuta take in iska ta taɓa ta."
Aka bari. Sule goma aka zuba a tafina.

Ƙarfe huɗu na yamma Dogara zai ɗaga kwalin
gaban kyamara, ya riƙe numfashi kada ya motsa,
Bulus a gefe ya busa sarewa sau uku,
shi ke nan, an buɗe, lissafi ya shigo ɗaki.
Akwati ɗaya ne a layinmu, gidan direban jirgin ƙasa,
yara talatin a tabarma, wasu sun maƙale a taga,
ba wanda ya san mai fitilar na tsaye a baya,
da fenti a farcena.

Ran nan ƙuda ya sauka daidai kan harshen wutar,
ya yi zamansa, ya wanke hannu, duk gari na kallo.
Washegari yara na rantsuwa fitilar tana da rai,
tunda har ƙwari na zuwa mata.
Ban gyara musu zance ba, na adana shi a raina.

Da launi ya zo, kwamiti ya zauna wata biyu,
suka fito da kada, kore shar, riƙe da littafi,
haƙoransa a jere kamar ya ci jarrabawa.
Ƙanana suka riƙa ɓuya bayan zanen uwa.
Wata malama daga Tudun Wada ta aiko wasiƙa:
"Kada ba ya karatu, mai karatu yake ci."
Damina biyu ya yi, ya koma kogi, ba wanda ya tuna.

Sai zamanin kwamfuta, wani yaro Zailani
ya sa duniya tana juyi, haruffan zinariya na tashi,
da kiɗa mai kama da an zubar da cokula.
Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba.
Sai dai sau da yawa duniyar na tsakiyar juyi
za a ɗauke wuta, ɗaki ya yi ɗif,
uwargida ta laluba ashana,
mu ƙarasa daren da irin wadda na zana.

Kwalin kuwa na gan shi bara, da na je neman fansho,
an toshe tagar mai gadi da shi, ruwa ya ci rabi.
Na yi sallama, na sha ruwa, ban ce nawa ba ne.

Jiya jikata Hansatu ta miƙo mini waya,
ana koya mata rabawa, a kusurwa ga wani ɗigo,
rawaya, ba kwalba, ba mariƙi, ba suna.
Ta ce sabon tambari ne, daga Legas aka yo shi.
Na sa tabarau, na matso da shi kusa da idona:
ɗigon ya ɗan karkace hagu.

Yunwar wannan safiyar ce, shekara hamsin ke nan,
har yau ba wanda ya miƙar da rawar hannuna.